Ƙafar Wa Aka Auna?

Ni dai ba zan ɓoye muku ba, ƙafata babba ce. Wajen Baba na gaje ta, kuma tun ina makarantar 'yan mata ake tsokanata da ita, har wata malama ta taɓa cewa in ruwa ya ci gari ni ba na buƙatar kwalekwale. Shi ya sa duk ranar da Datti ya zo zance nakan naɗe ƙafafuna ƙarƙashin zane, in jawo gefen gyale in rufe abin da ya saura. Wata bakwai yana zuwa gidanmu a Unguwar Shanu, ko ɗan yatsana bai taɓa gani ba.

Sunana Hansai. Baba akawu ne a sakatariya, ni kuma ina koyar da 'yan aji ɗaya. Datti shi ne wanda zan aura bayan Babbar Salla, kuma ba wanda ya tura ni, tun kafin Gwaggona ta gama tambayata na sunkuyar da kai ina murmushi. Ma'aikacin ruwa ne. In bakin bututun da ke jawo ruwa daga kogin Kaduna ya toshe da ciyawa da itace, shi ake ɗaura wa igiya ya nutse ya buɗe. Wani Baturen injiniya ne ya koya masa nutso da tulun iska a baya, da zai koma ƙasarsu kuma ya bar masa tuluna biyu, babba da ƙarami. Tun daga nan Datti bai sake zama daidai ba. Samarin mutane in sun zo zance idon yarinya suke yabo, nawa kuwa labarin teku yake ba ni.

Hutun shekara biyu ya tara bai taɓa ba. Shirinsa shi ne, mako guda bayan an kai ni ɗakina mu hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, wato Legas, daga can mu shiga jirgin ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana, wadda ta sami 'yancin kanta bara. Akwai aminin Baba a zangon Hausawan can, mai fataucin goro, a gidansa za mu sauka. Sai a ɗauki kwalekwale a je inda ruwa yake garau, a nutse.

"A kogin nan ko tafin hannuna ba na gani," in ji shi. "Lalube nake kamar makaho. Can kuwa an ce daga sama kina hango yashin ƙasa, ga kifaye ja da shuɗi da ruwan ɗorawa suna wucewa ta gaban hancinki. Ina so in gani, Hansai, amma ba na so in gani ni kaɗai."

Ku gaya mini, wace ce za ta ji wannan ta ƙi? Ni da ko a rafi ban taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwata ba, na ce na yarda. Na je aka ɗauke ni hoton takardar tafiya, na fito kamar wadda aka kama da satar kaza. Aka yi mini allurar shawara a asibiti, hannuna ya kumbura kwana uku. Na zauna a kan keken ɗinkin Inna na ɗinka dogon wando da riga mai dogon hannu na yadi mai kauri, don ya ce da su zan shiga ruwan, kuma a inda babu idon maza. Inna dai ba ta daina yi wa Baba mita ba.

"Mutane na kai amarya ɗaki, shi zai kai ta gidan aljanu? Malam, kana ji kana gani?"

"In an ɗaura, matarsa ce," in ji Baba, yana juya shafin jarida. "Kuma yaron nan ba shi da garaje."

Duk lafiya lau, ba don Sa'adiya ba.

Sa'adiya ɗiyar kawuna ce, na girme ta da shekara guda. A Lakwaja ta tashi, inda mahaifinta ke aikin jirgin ruwa, ta zo Kaduna koyon aikin jinya, ɗakinmu ɗaya da ita. 'Yar ƙarama ce tsaf-tsaf, komai nata daidai misali, in ta sa farar rigar asibiti ta ɗaura ɗamara sai ka rantse ba a ƙasa take tafiya ba. Ita ke raka ni zaure in Datti ya zo, kuma da yake asibitinsu na kan hanyar ofishinsa, ita ke kai wasiƙata ta karɓo tasa. Ba ta taɓa yi mini komai ba, wannan kam zan faɗa ko a gaban alƙali. Laifinta ɗaya, ta iya ruwa. A bakin kogin Kwara ta girma, tana iyo tun kafin ta yi wayo.

Ni in Datti na labarin nutso, iyakata in ce "to" da "ikon Allah". Ita kuwa sai ta gyara zama.

"Yaya Datti, in iskar ta kusa ƙarewa, yaya mutum zai sani?"

"Yauwa, kin yi tambaya," sai ya juya gaba ɗaya ya fuskance ta. Idonsa har wani haske yake yi. Su yi ta yi, kunne kaza, numfashi kaza, a hau sama a hankali kada a yi gaggawa, ni ina zaune a tsakani ina tsinkar bakin tabarma. Zancena ne fa, ni aka zo gani.

Inna ce ta ƙarasa ni ba tare da ta sani ba. Wata rana ta ce tunda dai amarya ba ta tafiya ba 'yar rakiya, a tafi da Sa'adiya, ga ta ta san ruwa, ga ta ta san magani. Da maganar ta je kunnen Datti sai ya ce, "Inna ta kawo shawara mai kyau." Da sauri ya faɗa. Ni dai a kunnena da sauri ne, kuma na kwana na tashi ina auna saurin.

Ran Litinin da la'asar Datti ya sa aka turo akwatin kayan nutson a amalanke, don damina ta fara kuma ɗakinsa na yoyo. Ya buɗe a zaure gaban Baba. Ga tuluna biyu na ƙarfe, ga gilashin rufe fuska, ga takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ga kuma wata baƙar mesa mai ninki-ninki da ake maƙala wa tulu a sa bakinta a baki. Ya daɗe yana bayani a kan mesar nan. Ban ji ko kalma ɗaya ba, don lokacin Sa'adiya ta miƙa hannu za ta taɓa, shi ma ya miƙa zai nuna mata, ni kuma ina lissafin tazarar da ke tsakanin yatsunsu. Aka ja akwatin aka kai ɗakin ajiya kusa da madafa.

Ran Laraba Sa'adiya ta dawo da wuri, ta same ni ina gugar kayan makaranta.

"Yaya Hansai, zo mu gwada takalman nan mana. Ai gara ki saba tun a tudu."

Muka buɗe. Manyan nasa ne, ba sai an faɗa ba. Ƙananan an ɗaure su a wuyan ƙaramin tulun da jan zare. Na zauna a kan turmi na tura ƙafa. Yatsuna suka shiga, dunduniya ta tsaya a waje. Na shafa man gyaɗa, na ja, na danna, na yi nishi, robar nan ta ce ba ta san zancen ba.

"Kawo in gani ko taurin sabunta ne," in ji Sa'adiya.

Ta zura ƙafa, ya shige sumul, kamar a kan ƙafarta aka zuba robar. Ta sa ɗayan, ta tashi tana tafiyar agwagwa a tsakar gida, faf, faf, kaji suka watse, Inna ta yi dariya har tana share hawaye da bakin zane. Ni ma na yi dariyar, irin wadda ba ta wuce haƙora ba.

"Af, na manta," ta ce, ta zaro wasiƙa daga aljihun rigarta. "Da safe ya ba ni."

Na shige ɗaki na karanta a tsaye.

"Zuwa ga Hansai, bayan gaisuwa mai yawa. Takardun tafiya sun fito, jirgin ruwan kuma na tashi daga Ikko ran sha biyu ga wata. Ƙaramin tulun nan da takalman da na ɗaure masa da jan zare, na wadda za ta sauka ƙarƙashin teku tare da ni ne. A asirce aka auno mini ƙafarta, na aika Ikko aka kawo daidai ita. Kada ki tambaye ni wa ya auno. Naki, Datti."

Na san abin da za ku ce. Za ku ce wasa yake yi da ni, irin na masu shirin aure. Ku kuna zaune cikin inuwa ne kuna karantawa, ni kuwa ta taga ina jiyo faf, faf ɗin nan, da man gyaɗa a dunduniyata. An auno ƙafa, ya ce, an kawo daidai ita. To ga ƙafar da ta yi daidai can tana yawo a tsakar gidanmu. Nan take na ga tafiyar gaba ɗaya a idona: ni a cikin kwalekwale rana na dukana, ina gadin takalmansu da gorar ruwa, su biyu kuma sun sauka can ƙasa inda babu Inna, babu Baba, babu maƙwabta, suna nuna wa juna kifi ja da shuɗi. Kishi ya kama ni.

Me ya hana in tambaye shi? Girman kai, da kunya. In rubuta in ce me? In ce takalmin bai shige ni ba saboda ƙafata ta fi ta mutane? Wata bakwai ina ɓoyonta, sai yanzu in aika masa da ita a ambulan?

Ran Alhamis na dawo daga makaranta da azahar na tarar gidan ba kowa. Inna ta tafi suna Unguwar Dosa, Baba na ofis, Sa'adiya na asibiti. Na shiga ɗakin ajiya, wai garin tuwo zan ɗebo. Basillar da Inna ke ɗinke bakin buhu tana soke a jikin buhun dawa. Na daɗe ina kallonta. Sai na buɗe akwatin, na ɗauko mesar ƙaramin tulun, na buɗa ninkin nan inda ido ba zai kai ba, na soka. Robar ta yi tauri, sai da na sa ƙarfi. Na koma wani ninkin na sake sokawa. Sau bakwai na yi.

A raina tayar keke nake tunani. Taya in ta sace, ba a hawa, shi ke nan. Na ce in sun je can sun ga abin ya lalace, ita ma sai ta zauna a kwalekwale kusa da ni, mu yi gadin takalmin tare. Wallahi ban yi tunanin wani abu ya wuce haka ba. Amma kuma, tunda gaskiya na ce zan faɗa, ban tsaya na yi tunanin ba ne don ba na so in yi.

Ran Juma'a Sa'adiya ta kwaɓa lalle ta ce in kawo hannu, na ce kaina ke ciwo. Ta kawo mini ƙwayar magani da ruwa a moɗa, na juya mata baya. Ta tsaya jim, ta ajiye a gefen gado ta fita.

Ran Asabar da hantsi sai ga sallamar Gwaggo Indo, ƙanwar mahaifin Datti, wadda ke haɗa lefe. Mace ce mai jiki da murya, in tana gaisuwa a zaure ana amsawa a gida na uku. Ta sauke ƙullin da ta ɗauko a gaban Inna.

"Na san ba a nuna wa amarya lefe kafin ranarsa," ta ce, "amma takalmi ba zane ba ne da za a ce a ɗaura haka nan. Har ƙafa shida na sayo. Amarya, zo ki zura ɗaya in ga aikina."

Ba yadda zan yi. Na zauna, na zaro ƙafar daga ƙarƙashin zane na miƙa. Gwaggo Indo ta dubi ƙafar, ta dubi takalmin da ke hannunta, ta sake duban ƙafar.

"Ikon Allah. Ɗiyata, kumburi kika yi?"

"Haka Allah ya yi ta," in ji Inna, tana danne dariya.

"A'a, tsaya." Ta kwance bakin ɗankwalinta ta fito da wani zare mai ƙulli biyu. "Ran da na zo gaishe ku da azumi, da na fita kama ruwa, na tsaya a ƙofar ɗakinku na auna. Ai ba a tambayar amarya girman ƙafarta, rashin ta ido ne. Na tarar da takalma biyu. Masu duwatsun nan 'yan ƙanana, ba naki ba ne?"

"Nawa ne, Gwaggo," in ji Sa'adiya daga bakin madafa.

"To manyan fa, baƙaƙen nan?"

Na janye ƙafar na mayar ƙarƙashin zane.

"Ni fa na zaci na Malam ne ya manta a can."

Gidan ya kaure da dariya. Inna ta riƙe ciki, Gwaggo Indo na tafa hannu tana cewa ta shiga uku, ƙafa shida duk na ɗiyar wani, kuma da zaren nan ɗaya ta ba Datti ya aika Ikko aka kawo na shiga ruwan. Ni kuwa wani sanyi ne ya sauko mini tun daga ka har ƙasa. Ni ce. Ni yake nufi tun farko, ni ce wadda za ta sauka tare da shi. Na ji kamar in rungume tsohuwar nan da zarenta. A dariya ta biyu ne na tuna da basilla, amma na ce a raina ba komai, akwai sauran mako biyar, zan san yadda zan yi a sake mesar ba tare da an gane ba.

Ba a ba ni ko yini guda ba. Bayan azahar, da aka tashi daga aiki, muka ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Datti ne. Baba ya shigo da kansa ya ɗauki ƙaramin tulun da mesarsa ya fita da su zaure. Na lallaɓa na tsaya bayan ƙyaure.

"Yau zan gwada shi a kogi, Baba," na ji Datti yana cewa. "Nawa na san halinsa. Wannan ya daɗe a ajiye, kuma ba zan bari ta sa a bakinta abin da ban fara shaƙa ba."

"Kogin ya kawo ruwa fa."

"Ya kawo. Amma a zurfi ake gane gaskiyar kaya. Akwai gurbi bayan bututunmu, ya kai gaba huɗu."

"In mesar nan ta sami matsala kana ƙasa fa?"

"Sai mutum ya ja ruwa maimakon iska, Baba. Kafin mai igiya ya gane ya jawo shi, sai abin da Allah ya yi. Amma na duba ta ran Litinin kafin in kawo, lafiyarta ƙalau."

Ashe abin da yake bayani ke nan ran da nake kallon yatsu. Na dafa bango. Na ji ya ɗaga tulun, na ji yana ɗaure shi a bayan keke, igiya na kukan ja. In na yi shiru, ba wanda zai taɓa sani. Wataƙila ma ya ji ruwan tun yana sama-sama ya fito lafiya, a ce tsufan roba ne. Wataƙila. In kuwa na buɗe baki, Datti zai san wace ce zai aura, Baba zai san wace ce ya haifa. Ina so in ce muku ban yi jinkiri ba, amma na yi. Sai da na ji ya ce, "To Baba, sai na dawo," na ji tayar ta motsa a kan tsakuwa.

"Datti."

Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, balle a gaban Baba. Su biyun suka juyo. Ina tsaye a tsakiyar zaure ba gyale.

"Kada ka shiga da shi. Na huda mesar."

"Kin yi me?" in ji Baba.

"Da basilla. Ran Alhamis."

Datti ya jingine keken, ya kwance mesar a hankali, ya ce a taimaka masa da ruwa a bokiti. Sa'adiya ce ta kawo, Inna da Gwaggo Indo na biye da ita, dariyar ɗazu ba ta gama barin fuskarsu ba. Ya tsuguna, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya nutsa mesar, ya hura ɗayan. Kumfa ta taso siriri-siriri, layi-layi. Ya lanƙwasa ta, layukan suka buɗe suka yi ƙarfi. Na ga leɓensa na motsi yana ƙirgawa, ya tsaya a bakwai.

Ya ɗago kai. Da ya yi faɗa da na fi jin daɗi, amma muryarsa a ƙasa take.

"Me ya sa, Hansai?"

"Na zaci ba nawa ba ne."

"Na wa kika zata?"

Ba sai na faɗa ba ma, don Gwaggo Indo ta riga ta kai hannu baki, Inna kuma ta juya tana kallon ɗiyar ɗan'uwanta. Sa'adiya na tsaye inda ta ajiye bokitin, ruwa na ɗiga daga yatsunta.

"Yaya Hansai," ta ce a hankali, "ashe ni ce zan shaƙa."

Datti ya naɗe mesar, ya goge hannu a jikin wandonsa, ya sa hannu a aljihun gaban riga ya fito da doguwar ambulan. Na gane ta, takardun tafiyarmu ne, da hotona a ciki.

"Baba," ya ce, "ku riƙe waɗannan a wajenku tukuna."

Da hannu biyu ya miƙa, kuma bai dube ni ba.